Sin ta rediyo da Sin ta titi: wacce za mu yarda da ita?

Malam Na-Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka taka ƙasar Sin da ƙafarsu, alhazanmu na Kwari da Wambai da ɗaliban da suka yi karatu a can. In ka kama Sashen Hausa na Rediyon Sin, abin da za ka fi ji shi ne gadoji da jiragen ƙasa da ziyarar shugabanni. In ka murɗa zuwa BBC ko DW ko RFI, sai ka ji kamfanonin gine-gine sun durƙushe, matasa na neman aiki ido rufe, an ɗaure wanda ya yi magana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a birnin Zhuhai. Ranar 11 ga Nuwamban 2024 da daddare, wani mutum ɗan shekara 62 ya kutsa da mota cikin masu motsa jiki a harabar filin wasa, ya kashe mutum 35, ya raunata 43. Sai da aka kwana aka wuni kafin hukuma ta faɗi adadin. Furannin da mutane suka riƙa kaiwa wurin ma kwashe su aka yi ta yi. To wanda ke zaune a birnin nan, ta ina yake sanin abin da ya faru a bayan gidansa? Kuma wannan shiru, jama'a ake karewa da shi ko kujera?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai gani ya kori ji. Na daɗe ina shiga Gwanzu (Guangzhou) sarin yadi, kuma ita da Zhuhai lardinsu ɗaya, Guangdong. Wallahi na sha fitowa daga gidan abinci a unguwar Xiaobei ƙarfe biyun dare, waya a hannu, jaka a kafaɗa, ban taɓa waiwaye don tsoro ba. Da magariba tsofaffin mata su cika dandali da lasifikarsu suna rawar motsa jiki, jikoki na guje-guje a gefe. Jirgin ƙarƙashin ƙasa daga yuan 2 kuɗinsa yake farawa, kuma ba ka jiransa. Mai sayar da ayaba a bakin titi ma ba ta taɓa kuɗi da hannu, ta rataya lambarta a jikin baro, ka haska da waya ka ɗauki kayanka.

Sannan Malam ka kawo farkon labarin ka bar ƙarshensa. Ranar 27 ga Disamba kotu ta yanke wa mutumin hukuncin kisa, ranar 20 ga Janairun 2025 aka zartar. Wata biyu da 'yan kwanaki, an gama. Mu da muke da bakin magana, kowa na ihu a Facebook, rai nawa ya salwanta a ƙauyukan Zamfara da Katsina, kuma wa aka hukunta? Ni in za a ba ni zaɓi, na ɗauki shiru da kwanciyar hankali.

Tsohon Ɗan Jarida:
Alhaji, ba wanda zai ja da kai kan tsaron titi, kowa ya je ya dawo haka yake faɗa. Amma ba shirun ne ya kawo tsaron ba. Tokyo ma mace na tafiya ita kaɗai da tsakar dare, kuma ba a hana jaridunsu ƙirga gawa.

Bari in faɗa muku yadda abin ke tafiya. In masifa ta faɗo, abu na farko da ke fitowa shi ne 'yar sanarwar 'yan sandan yankin, farin rubutu a kan shuɗin bango, layi uku ko huɗu. Ta Zhuhai a daren nan cewa kawai ta yi mota ta buge mutane, an kama direba. Ba adadi. Daga nan jaridu su jira abin da Xinhua, kamfanin dillancin labarai na gwamnati, za ta fitar su kwafa, masu kula da Weibo, dandalin sada zumuntarsu, kuma su bi bidiyoyin da jama'a suka ɗora suna gogewa. Ku tuna washegari ne ake buɗe babban baje kolin jiragen sama na Zhuhai, baƙi daga ko'ina sun cika gari.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na Zhengzhou. Ranar 20 ga Yulin 2021 ruwa ya sauka, sama da milimita 200 cikin awa ɗaya. Ruwa ya shiga layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane na tsaye cikin tarago ruwa ya kai musu ƙirji, 14 suka rasu a nan. Da jama'a suka jera furanni a bakin tashar, sai aka kafa shinge aka kare su daga idon masu wucewa, har wasu suka zo suka ture shingen. A Janairun 2022 Majalisar Gudanarwa ta ƙasar da kanta ta fitar da rahoto: mutum 398 ne suka mutu ko suka ɓace a lardin Henan, 380 daga cikinsu a Zhengzhou, kuma jami'an birnin sun ɓoye ko sun jinkirta bayyana mutum 139. Ba BBC ce ta faɗa ba, Alhaji, gwamnatin Beijing ce. An sauke sakataren jam'iyya na birnin, Xu Liyi. Jami'in da ya san ƙarin girmansa ya rataya ne a kan kada a ji wani abu ya ɓaci a yankinsa, in aka ba shi ikon rufe baki, to kansa zai fara karewa.

Ɗan Kwari:
To ai ka faɗa da bakinka, Yallaɓai. Sun bincika, sun fallasa nasu, sun sauke shi. Mu rahoton kwamiti nawa ne ke kwance a durowa?

Tsohon Ɗan Jarida:
Bayan wata shida, Alhaji. Uwar da ɗanta bai dawo gida a daren ba, a daren take bukatar a gaya mata gaskiya.

Injiniya a Shenzhen:
Salam. Ina zaune a nan yanzu haka, don haka zan faɗi abin da zan iya faɗa. Akwai hujjar da mutanen nan ke kawowa wadda ba a ambata ba tukuna, kuma ba ta banza ba ce: tsoron masu kwaikwayo. Kwana biyar bayan Zhuhai, ranar 16 ga Nuwamba, wani matashi ɗan shekara 21 ya shiga wata kwalejin koyon sana'a a yankin Wuxi da wuƙa, ya kashe 8, ya raunata 17. Ranar 19 ga wata wani ya afka wa yara da iyayensu da mota a ƙofar makarantar firamare a Changde. Abokan aikina da yawa sun yarda cewa yaɗa bidiyon irin wannan ɗanyen aiki yana ba wani mai ƙullin zuciya shawara. Bayan nan sai muka ga an jera manyan duwatsu da ƙarafa a ƙofar makarantu da dandali. Wannan ma amsa ce, ko da ba a yi ta a jarida ba.

Tsohon Ɗan Jarida:
Injiniya, na karɓi rabin maganarka. A ɓoye hoton makashi, a hana yaɗa bidiyon jini, ko mu a ɗakin labarai muna yin haka. Amma adadin mamata ba ya koya wa kowa kisa, furen ta'aziyya ma haka. Kuma tambayar da ta fi muhimmanci, wato me ke tura mutane ga wannan, ita ce aka fi hana tattaunawa. 'Yan sanda sun ce mutumin Zhuhai fushin rabon dukiya bayan sakin aure ne ya ɗebe shi. Na Wuxi an ce faɗuwa jarrabawa ce da rashin gamsuwa da kuɗin da ake biyansa a wurin koyon aiki. Waɗannan abubuwa ne da ya kamata al'umma ta zauna ta tattauna a fili.

Ɗalibar Nanjing:
Assalamu alaikum iyayena. Na yi karatun haɗa magunguna a Nanjing, na dawo gida, don haka bakina a sake yake. Ina so in amsa tambayar Malam ta farko, ta ina mutumin birni yake sani.

Yana sani, Malam. Kada a ɗauka mutanen can a duhu suke. Abu na faruwa, cikin mintuna ya shiga zaurukan WeChat, manhajar hirarsu, na 'yan aji, na 'yan bene ɗaya, na iyayen yara. Kowa ya san za a goge, don haka kowa na gani sai ya ɗauki hoton fuskar wayar ya ajiye. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya takan miƙo mini waya ta ce duba da sauri. In ka koma bayan awa ɗaya sai ka tarar da alamar jan motsi da rubutun cewa an cire wannan saboda ya saɓa ƙa'ida. A Afrilun 2022, lokacin kullen Shanghai, birni mai mutum kusan miliyan 25, an haɗa wani bidiyo na kusan minti shida, muryoyin mazauna ne kawai, masu neman abinci, masu roƙon a kai tsohonsu asibiti. Ana gogewa ana sake ɗorawa, wasu su kifa shi, wasu su juya shi kamar a madubi don na'urar tacewa ta kasa gane shi. A daren nan duk wanda na sani ya kalla.

Abin da aka hana su shi ne su ji tare, su yi magana tare, su ajiye tarihin abin. Kowa ya sani a cikinsa, amma bayan wata uku in ka nema a intanet ɗinsu sai ka samu sanarwar hukuma kaɗai. Yaron da zai taso nan da shekara goma ita zai tarar.

Sai dai akwai wurin da har yau ba a rufe ba. Likitan idon nan na Wuhan, Li Wenliang, wanda 'yan sanda suka ja wa kunne a farkon Janairun 2020 saboda ya gargaɗi abokan aikinsa kan sabuwar cuta, ya rasu ranar 7 ga Fabrairu. Saƙonsa na ƙarshe a Weibo yana nan, kuma mutane na zuwa ƙarƙashinsa suna rubuta damuwarsu. Wani ya ce ya rasa aiki, wata ta ce ta ci jarrabawa, wani ya yi masa sannu da dare kawai. Na sha karantawa ina hawaye.

Hajiya Mai Leshi:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ni ba boko gare ni mai zurfi ba, amma abin da ya same mu a Afrilun 2020 ba a rediyo na fara jin sa ba. Yaron da ke haɗa mini kaya a Gwanzu, ɗan Zinder ne, mai takardu cikakku, ya kira ni da asuba yana cewa Hajiya mai gida ya fitar da ni, otal sun ƙi karɓa ta. Ya kwana a ƙarƙashin gada da akwatinsa, ana yayyafi. An samu wasu 'yan Najeriya biyar da korona, shi ke nan aka bi duk baƙar fata da gwaji da killacewa, har da wanda bai fita ƙasar ba tun kafin cutar. Bidiyoyin da yaranmu suka ɗauka da wayoyinsu su suka tashi duniya. Da su Femi Gbajabiamila, yana kakakin majalisa a lokacin, ya zaunar da jakadansu Zhou Pingjian ya nuna masa a waya. Jakadun Afirka a Beijing suka rubuta takardar koke. Da yaran nan sun yi shirun da Alhaji ke yabo, wa zai san halin da suke ciki?

Kuma don Allah kada a ce ina ƙin mutanen. Matar da nake saro leshi a wurinta ita ta riƙa aika wa yaron abinci har aka buɗe. Har gobe muna ciniki.

Ɗan Kwari:
Hajiya, wannan kam ya faru, ni ma yarana biyu abin ya shafa, kuma ya yi mana ciwo. Amma annoba ce, kowa ya ruɗe. Su kansu 'yan ƙasar ai sun sha kulle fiye da mu.

Ɗalibar Nanjing:
Sun sha, Alhaji, kuma ba shiru ne ya fitar da su ba. A Nuwamban 2022 ma'aikatan ɗinki na gundumar Haizhu, nan kusa da kasuwar yadi ta Zhongda da kuke zuwa, yawancinsu 'yan ci-rani daga Hubei, sun fito da dare sun ture shingayen kulle. Ranar 24 ga watan gobara ta kashe mutum 10 a wani bene a Urumqi, jama'a suka yi imani matakan kulle sun hana ceto. Matasa suka fito a Shanghai da Beijing da jami'o'i suna ɗaga farar takarda ba rubutu. Ranar 7 ga Disamba gwamnati ta sassauta dokokin. An kama wasu daga cikin waɗanda suka fito, wannan ma gaskiya ne.

Injiniya a Shenzhen:
Wannan ɓangaren ba zan sa baki ba daga inda nake, ku yi mini uzuri.

Amma ina da ƙorafi a kan ɗaya ɓangaren, don kada a tafi da cewa kafafen Turai tsarkaka ne. Duk lokacin da na zo hutu sai an tambaye ni maki nawa gare ni, wai kowa a Sin yana da makin ɗa'a da gwamnati ke ragewa in ya tsallaka titi ba daidai ba. Ni ban taɓa ganin nawa ba, abokan aikina ma haka. Abin da na sani shi ne jerin sunayen waɗanda kotu ta ce su biya bashi suka ƙi, su ana hana su sayen tikitin jirgin sama da na jirgin ƙasa mai sauri. An ɗauki wannan da gwaje-gwajen wasu birane an mai da shi wani dodo. Haka kuma kusan kowace shekara sai an yi hasashen tattalin arzikinsu zai rushe.

Ga abin da idona ke gani. Tun ƙarshen 2017 motocin bas na Shenzhen, sama da 16,000 a lokacin, duk na lantarki ne. Ka tsaya a babban titi ka yi waya ba ka ɗaga murya. Daga tashar Shenzhen ta Arewa zuwa Guangzhou ta Kudu kusan rabin awa ne a jirgi mai sauri, kuma layin irin wannan jirgi a ƙasar ya haura kilomita 45,000. Fitilar titi ta mutu ko maƙwabci ya dame ka da hayaniya, ka kira 12345, a ba ƙorafinka lamba, kuma sau da yawa a kira ka a ji ko an gyara.

Ga kuma ɗaya fuskar. Wani abokin aikina ya haɗa ajiyarsa da ta iyayensa da ta iyayen matarsa ya ba da kafin alƙalami na gida a garinsu, a benen da ba a gama ba. Kamfanin ya tsaya. Yana biyan banki duk wata, yana kuma biyan haya a nan. Ya nuna mini hoton ginin, ƙarafa sun yi tsatsa, ciyawa ta fito a inda aka ce za a yi wurin wasan yara. Irinsa suna da yawa, shi ya sa a Yulin 2022 masu sayen gidaje, tun daga Jingdezhen, suka fara barazanar daina biyan bankuna. Kamfanin gine-gine na Evergrande da aka kafa a Guangzhou bashinsa ya haura dala biliyan 300, kuma a Janairun 2024 kotun Hong Kong ta ba da umarnin a rufe kamfanin a sayar da kadarorinsa. Duka biyun gaskiya ne, bas ɗin da benen.

Tsohon Ɗan Jarida:
Na gode, Injiniya, kuma uzurin da ka nema ya isa amsa ga mai lura.

Ƙorafinka a kan kafafen waje yana da tushe, kuma akwai dalili. A Maris ɗin 2020 Sin ta kori Amurkawan da ke aiki da New York Times da Wall Street Journal da Washington Post, a matsayin ramuwa kan matakin da Amurka ta ɗauka a kan ma'aikatan kafafen gwamnatin Sin. A Fabrairun 2021 Birtaniya ta soke lasisin CGTN, tashar talabijin ta gwamnatin Sin, Sin ta rufe tashar talabijin ta BBC. Sakamakon shi ne labarin Sin da yawa daga Taipei da Seoul da Singapore ake rubuta shi. Wanda ba ya shiga kasuwa, ba ya hawa bas, sai ya dogara da alƙaluma da abin da ya gani a intanet. Sannan mu a Hausa abin da ke iso mana fassarar wannan ne, an taƙaita shi zuwa minti ɗaya. Rediyon Sin kuwa tun 1963 yake magana da Hausa, ma'aikatansa sun iya harshen ƙwarai, amma gidan gwamnati ne, aikinsa ya nuna ƙasarsa da kyau.

Su alƙaluman ma sai an yi hattara. A Yunin 2023 rashin aikin yi na 'yan shekara 16 zuwa 24 a birane ya kai kashi 21.3 cikin ɗari. Da watan Agusta ya zo sai Hukumar Ƙididdiga ta ce ta dakatar da fitar da adadin. A Janairun 2024 ta dawo da shi da sabon lissafi wanda ya cire ɗalibai, ya zama 14.9.

Ɗalibar Nanjing:
Baba, a ƙara da cewa akwai 'yan jarida na gaske a cikin ƙasar, kuma su ba a cika jin sunansu a waje ba. A farkon Yulin 2024 jaridar Beijing News ta bi tankokin da ke sauke sinadarin mai da ake samu daga kwal, su wuce kai tsaye su ɗauki man girki ba tare da an wanke su ba. Ɗan jaridar bin motocin ya yi a hanya. Ƙasar ta ɗauki zafi, gwamnati ta kafa bincike. A 2020 kuma mujallar Renwu ta yi dogon rahoto kan masu kai abinci a babur, yadda manhaja ke ta rage musu mintuna har suna bin hannun da ba nasu ba don kada a yanke musu kuɗi. Duk wanda ya zauna a can ya san su, masu riga rawaya da masu shuɗiya. Na taɓa ganin ɗaya a benenmu, lif ya cika, ya dubi waya, ya kwasa a guje ta matakala da leda biyu a hannu, ruwan sama na ɗiga daga hularsa. Da ya miƙo mini abincin haƙuri yake ba ni, alhali bai makara ba.

Yawancinsu 'yan ƙauye ne. Ma'aikata 'yan ci-rani a ƙasar sun kusa miliyan 300, kuma takardar asalin zama da ake kira hukou ita ke yanke inda ɗanka zai samu makarantar gwamnati cikin sauƙi da inda zai zauna jarrabawar shiga jami'a. Shi ya sa da yawa ke barin yaransu wurin kakanni. Sauƙin rayuwar da Alhaji ya gani a titi, a kan wuyan waɗannan yake.

Ustaz Abu Hafsa:
Assalamu alaikum. An yi ta magana ba a taɓo 'yan'uwanmu Musulmi ba. Ina labarin Uygur na yankin Xinjiang?

Ɗan Kwari:
Ustaz, ni dai ina sallar Juma'a a Gwanzu ba wanda ya taɓa hana ni. Masallacin da ake cewa kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas yana ciki, kusa da lambun Yuexiu, cika yake yi maƙil, Larabawa da 'yan Pakistan da mu da 'yan ƙasar. In an idar ga masu gasa nama da gurasa a waje. Gidajen taliyar Lanzhou na halal kuwa kusan kowace unguwa akwai.

Ustaz Abu Hafsa:
Alhaji, abin da malaman tarihi suka tabbatar shi ne Sa'adu, Allah ya ƙara masa yarda, a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Wancan ruwaya ce ta mutanen wurin. Sannan kai baƙo ne mai fasfo da kuɗin sari, kuma tsakanin Guangzhou da Xinjiang tafiyar dubban kilomita ce. Ranar 31 ga Agustan 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin Michelle Bachelet, ya fitar da rahoto cewa tsare mutane da aka yi a Xinjiang yana iya zama laifin cin zarafin bil'adama. Sin ta yi watsi da shi, ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne na yaƙi da ta'addanci. A Mayun 2023 Musulmin ƙabilar Hui na garin Nagu a lardin Yunnan sun yi arangama da 'yan sanda kan cire ƙubba da hasumiyoyin masallacinsu. Abin da ya fi damuna shi ne Najeriya na cikin ƙasashen da suka sa hannu a takardar goyon bayan Sin kan Xinjiang a Yulin 2019, kuma ban ji an tambayi kowa a nan ba.

Mai Kula da Zaure:
Ustaz, maganar nan babba ce, ta cancanci zarenta daban. Don Allah ka buɗe shi, mu bar wannan a kan labarai da rayuwar birni.

Malam Na-Fagge:
Na ƙaru ƙwarai. Amma Alhaji, ina so in dawo gare ka, domin kai ka fi kowa shiga cikinsu. Mutanen da kake ciniki da su, in kun zauna shan shayi bayan an gama lissafi, suna taɓo irin waɗannan abubuwa?

Ɗan Kwari:
Suna yi, Malam, amma ba da sunan siyasa ba. Mai masaƙar da nake hulɗa da shi zai ce maka oda ta ragu, haya ta hau, ɗansa ya gama jami'a yana zaune a gida yana karatun jarrabawar aikin gwamnati. Zai ce gidan da ya saya ya faɗi a kasuwa. Ya taɓa ce mini 'yarsa ta ce ba za ta yi aure ba, kuma abin na cin sa. In na kawo sunan shugabansu sai ya ƙara mini shayi ya koma maganar yadi, ni ma ba na matsawa, kasuwa ta kai ni. Duk da haka ina nan kan bakata. Mutumin nan iyayensa a ƙauye suka tashi ba wuta, shi yau yana da masaƙa da mota. Bai ce mini yana son ya koma irin rayuwarmu ba.

Hajiya Mai Leshi:
Ba wanda ya ce ya koma irin tamu, Alhaji. Cewa muka yi a bar shi ya ajiye fure.

Tsohon Ɗan Jarida:
Maganar 'yar mai masaƙar nan ma labari ce babba. A 2022 yawan jama'ar Sin ya ragu, karo na farko tun 1961. Haihuwa ta sauko zuwa miliyan 9.02 a 2023. Daga Janairun 2025 sun fara ɗaga shekarun ritaya sannu a hankali, maza daga 60 zuwa 63. Alhaji ya ji wannan a bakin mutum ɗaya a kan tabarmar shayi, kuma ya fi abin da za a karanto mana daga London ko Beijing armashi.

Shi ya sa nake da roƙo. Ku da kuke zuwa baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu a Afrilu da Oktoba, da masu zuwa Yiwu da Keqiao, ku riƙa rubuto mana abin da kuka gani da abin da aka ce muku, ba farashin kwantena kaɗai ba. Shaguna nawa ne a rufe a benen da kuka saba shiga, nawa ake biyan mai ɗinki a Haizhu, yaya 'yan sanda ke yi da ku a Xiaobei yanzu. Kada ku sa sunan kowa, kada ku ɗauki fuskar kowa, kuma ku bari sai kun dawo gida.

Injiniya a Shenzhen:
Sharaɗin ƙarshen nan a riƙe shi da kyau. Sannan duk mai zuwa karon farko, in ba a otal ya sauka ba, ya je ofishin 'yan sanda ya yi rajistar masauki cikin awa 24, kuma fasfo kada ya bar jikinsa. WhatsApp da Facebook ba sa buɗewa a layin can, don haka a shirya yadda za a yi magana da gida tun kafin a hau jirgi.

Ɗan Kwari:
In Allah ya kai mu Afrilu zan rubuto, Yallaɓai, amma da mai daɗi da marar daɗi zan haɗa. Ustaz, ka buɗe naka zaren, ina da tambaya kan maganar kabarin nan.